Mu a Wane Layi Ka Sa Mu?

A shekarar da wata ƙungiyar agaji ta ɗauke ni aikin wata shida a Maiduguri, abin da aka ɗora mini shi ne in gina manhajar lissafin rabon abinci a sansanonin 'yan gudun hijira. Rumbun bayanan da na tsara yana da gurbi ga komai: sunan magidanci, bakin mutum nawa yake ciyarwa, mudu nawa na hatsi ya karɓa, kwalba nawa ta mai, ranar da aka ba shi, da sa hannun wanda ya ba shi. Daren da zan tafi ina zaune a ɗakinmu a Kwarbai, ina nuna wa maiɗakina yadda abin yake aiki, ina ɗan jin kaina. Ta leƙo allon kwamfutar, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To Abban Hanifa, mu a wane layi ka sa mu?" Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Cikinta wata uku a lokacin.

Wata shidan nan sai da ya zama goma sha ɗaya. A dararen Maiduguri, idan an rufe ƙofar gidan ma'aikata kuma janareta bai mutu ba, karatu nake yi, yawanci tarihin yaƙin basasa. Duk Bazazzagi yana jin yana da ɗan haƙƙi a wannan tarihin, tunda shugaban da ya jagoranci yaƙin a Wusasa ya tashi, ga ta nan bayan Dan Magaji, kuma dubban sojojin da suka yi shi a Daffo na Zariya aka koya musu fareti. A cikin wannan karatun na yi ta cin karo da sunayen wasu Turawa uku, Adam Curle da John Volkmar da Walter Martin, waɗanda ba jakadu ba ne, ba sojoji ba, ba 'yan jarida ba, amma ga su yau a ofishin Gowon, jibi a wurin Ojukwu. An ce musu 'yan Kweka. Da na bi sawunsu baya, sai na tarar tambayar maiɗakina ta riga ni isa can da shekara ɗari uku.

'Yan Kweka wata ɗarika ce ta Kirista da ta ɓullo a Ingila wajen 1650, lokacin da ƙasar ke fitowa daga nata yaƙin basasar. Sunan da suke kiran kansu shi ne Jama'ar Abokai. Kalmar Kweka ba'a ce, ma'anarta mai makyarkyata: jagoransu George Fox ya ce wa wani alƙali a garin Derby a 1650 ya ji tsoron maganar Ubangiji har jikinsa ya yi rawa, alƙalin ya mayar masa da ita suna, ta kuwa bi su. A farkonsu ba su da limami ko fada. Taruwa suke su zauna shiru, wanda ya ji an motsa zuciyarsa ya miƙe ya yi magana, namiji ko mace. A wancan zamanin ba sa rantsuwa a kotu, ba sa cire wa kowa hula, kuma tun 1660 suka rubuta wa Sarki Charles na Biyu cewa ba za su ɗauki makami don kowace manufa ba. Wannan taurin kai ya cika gidajen yarin Ingila da su.

Abu biyu a al'adarsu su ne tushen maganata. Na farko aure: babu mai ɗaura musu shi. Ango da amarya su miƙe a gaban jama'a su yi wa juna alkawari, duk wanda ya halarta ya sa hannu a takardar shaida. Na biyu tafiya. Idan ɗayansu ya ji wani nauyi ya sauka a zuciyarsa, cewa ya je wuri kaza ya yi wa'azi ko ya taimaki wasu, sai ya kai maganar gaban taronsu. In taro ya gamsu, a rubuta masa takardar izini ya tafi, ko da tafiyar ta shekara biyu ce, ko da mai tafiyar uwa ce mai goyo. A 1658 wata 'yar aikin gida mai suna Mary Fisher ta bi ta ruwa da ƙasa har sansanin Sarkin Daular Usmaniyya, Muhammadu na Huɗu, a Adirna, don ta isar masa da saƙon da take ganin an ba ta. Ya karɓe ta da mutunci ya saurare ta, abin da ba ta samu ba a Cambridge inda aka yi mata bulala, ko a Boston inda aka kulle ta. Ita a lokacin ba ta da aure. Amma ka haɗa waɗannan al'adu biyu a gida ɗaya: jama'ar da ta sa hannu a takardar aurenka ita ce kuma za ta sa hannu a takardar da za ta raba ka da matarka. Tun daga ranar farko akwai tsaga a jikin ginin.

Kuma a gidan jagoran tsagar ta fara bayyana. Fox ya auri Margaret Fell a garin Bristol a watan Oktoba na 1669. Tana da shekara 55, yana da 45. Gwauruwa ce, matar marigayi wani babban alƙali, mai gida da gonaki a Swarthmoor can arewacin Ingila, kuma gidan nata ne cibiyar ɗarikar: ita ke karɓar wasiƙun masu yawon wa'azi, ita ke tara kuɗin guzurinsu, ita ke kula da iyalan waɗanda aka ɗaure. Wato tun kafin ta zama matar matafiyi ta san lissafin abin da tafiya ke ci. Fox ya tara 'ya'yanta mata ya tambaye su ko auren zai tauye musu gado, ya kuma rubuta cewa ba shi da komai a dukiyarta. Ɗanta namiji tilo bai yarda da auren ba.

Kwanaki kaɗan bayan biki suka rabu a hanya, ita ta yi arewa, shi ya ci gaba da zagaye. A 1670 aka sake kama ta aka kai kurkukun Lancaster. Tana fitowa a 1671 shi kuma ya hau jirgin ruwa zuwa Barbados da Jamaika da Amurka, bai dawo ba sai 1673. Ta zo tarbarsa, suka kama hanyar gida tare, aka kama shi a hanya aka tsare a Worcester har farkon 1675. Zaman da za a kira zaman aure sau biyu suka yi shi a Swarthmoor, daga 1675 zuwa 1677, sai daga 1678 zuwa 1680, in an haɗa bai cika shekara huɗu ba. Daga 1680 bai sake taka gidan ba har ya rasu a Landan a watan Janairun 1691. Ita ce ke zuwa wurinsa, tafiyar doki da keken doki kwatankwacin Zariya zuwa Sakkwato, ta ƙarshe tana da shekara 76.

Mutane sun yi tsegumi, kamar yadda za a yi a kowace unguwa. Mun san haka ne domin bayan rasuwarsa ta rubuta shaida a kansa, kuma a ciki ta tsaya ta amsa wa masu ganin baiken rabuwar tasu, ta nuna cewa su biyun ne suka zaɓi su haƙura da juna saboda aikin Allah. Na yarda da ita. Sai dai mace ba ta ɓata tawada wajen kare abin da bai taɓa yi mata ciwo ba, kuma abin da ta rubuta don kare kanta ya zama ma'auni ga matan da suka biyo baya, waɗanda ba su da gonakin Swarthmoor, ba su kuma da zuciyar Margaret.

Bayan shekara ɗari da ɗoriya sai abin ya juya, matar ce ta fita. Elizabeth Fry, wadda hotonta ya zauna a takardar fam biyar ta Ingila daga 2002 zuwa 2016, ta auri Joseph Fry a 1800, ta haifa masa 'ya'ya goma sha ɗaya. A 1813 ta shiga sashen mata na kurkukun Newgate a Landan, ta tarar da ɗaruruwan mata da 'ya'yansu cunkushe, suna kwana a ƙasa. Ta koma da tufafi, daga baya ta buɗe wa yaran makaranta, ta kafa ƙungiyar mata masu ziyara a 1817, ta ba da bahasi a gaban kwamitin majalisar dokoki a 1818. Daga nan tafiya ta buɗe: Sikotlan, Ailan, Faransa, Holan, ƙasashen Jamus. A 1842 Sarkin Furushiya da kansa ya bi ta cikin Newgate.

A gida kuwa labarin daban ne. Lokacin da kasuwancin iyalin ya yi tangal-tangal a 1816, an rarraba wasu daga cikin 'ya'yanta gidajen dangi, kuma a daidai waɗannan shekarun ne aikin kurkukun ya kankama. Masu suka, har da 'yan ɗarikarta, suka ce ga mai gyaran 'ya'yan wasu ta bar nata. Bankin mijinta ya rushe a 1828, Abokai suka cire shi daga cikinsu saboda bashin da ya kasa biya, ita kuma tana nan tana musu wa'azi. Mafi yawan 'ya'yanta sun bar ɗarikar, kuma bisa ƙa'idar lokacin ba ta iya halartar bikin wanda ya yi aure a waje ba. Ta riƙe littafin sirri tsawon rayuwarta tana tuhumar kanta a ciki. Da ta rasu a 1845, 'ya'yanta mata biyu suka tace shi kafin su buga. A sana'ata, wanda ya goge layukan kuskure daga kundin da na'ura ke ajiyewa kafin ya miƙa wa shugabansa, mun san me ya yi. Amma wa zai ga laifinsu? Uwarsu ce.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bambancin hukuncin. Fox ya bar mata shekara goma, aka kira shi bawan Allah. Elizabeth ta bar gida makonni, aka tambayi wa ke yi wa yara wanka. Joseph Fry kuwa, wanda ya zauna da yaran sau da yawa, wani lokacin ma ya raka ta, tarihi bai riƙe masa komai ba sai karyewar banki.

Wataƙila shi ya sa aikin ƙetare ya yi ta faɗawa hannun waɗanda ba su da auren da zai tsage. Hannah Kilham, 'yar Sheffield, wata takwas ta yi da aure mijinta ya rasu a 1798, 'yar da ta haifa bayansa ita ma ba ta yi tsawon rai ba. Ta shiga cikin Abokai, ta yi aikin agajin yunwa a Ailan, sannan ta zo Afirka ta Yamma sau uku: Gambiya a 1823, Saliyo a 1827 da 1830. A lokacin jiragen yaƙin Ingila na tare jiragen bayi a teku suna sauke mutanen a Firitawun, garin ya cika da harsuna. Ita ta dage cewa a koyar da yaran da harsunan iyayensu, ba da Turanci kaɗai ba. A 1828 ta buga ɗan littafin kalmomi na harsuna talatin da ta tattara daga bakin 'yantattun bayin, kuma Hausa na ciki, shekaru kafin Schön ya fitar da nasa aikin. Ka tsaya ka yi tunanin wanda ya zauna ya faɗa mata waɗannan kalmomin: wani Bahaushe da yaƙe-yaƙen zamanin suka fizge daga garinsu, aka gangara da shi bakin teku, wanda shi ma akwai wadda ya bari a wani ɗaki tana jiran sallamarsa. Gwauruwa tana tambaya, wanda aka raba da iyalinsa yana amsawa. Hannah ta rasu a cikin jirgi a 1832, tsakanin Laberiya da Saliyo, aka yi mata kabari a teku.

Mu ma a nan mun ga irin wannan, ko da yake ba ɗan Kweka ba ne. Likita Mila, na mishan ɗin CMS, ya zauna a cikin birnin Zariya tun 1905, a Durumin Maigarke, kafin mishan ta koma Wusasa a 1929. Rabin ƙarni ya yi a ƙasar Hausa, bai taɓa aure ba.

Ƙarni na ashirin ya mayar da wannan nauyin zuciya na mutum ɗaya ya zama ma'aikata mai ofis da akawu. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tilasta wa samarin Kweka su nemi abin yi da ba harbi ba, suka kafa rundunar motocin ɗaukar majinyata a 1914, na Amurka suka kafa kwamitin hidimarsu a 1917. Bayan yaƙin suka shiga Jamus, ƙasar abokan gaba, inda a 1921 suke ciyar da yara sama da miliyan ɗaya a kullum. Suka shiga Rasha lokacin yunwar 1921. A 1947 aka ba kwamitocinsu biyu, na Landan da na Filadelfiya, kyautar Nobel ta zaman lafiya. Daga farkon 1949 zuwa 1950 su ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta damƙa wa ciyar da Falasɗinawa 'yan gudun hijira sama da 200,000 a Zirin Gaza, kafin hukumar UNRWA ta karɓa. Tsarin katin rabo da rajistar iyali irin wanda na zauna ina rubuta wa manhaja a Maiduguri, a irin waɗannan wuraren aka gwada shi da fensir.

Wasu sun ce maganin rabuwa shi ne a tafi tare. Corder Catchpole, wanda ya yi aikin motar majinyata a Faransa sannan ya sha ɗauri saboda ƙin shiga soja, ya kwashe matarsa Gwen da 'ya'yansu zuwa Balin a 1931 a matsayin wakilin Abokai. A watan Afrilun 1933, watanni kaɗan da hawan Hitila, 'yan Nazi suka shiga gidan suka yi bincike, suka tafi da shi suka tsare na ɗan lokaci. Iyalin suka ci gaba da zama har 1936 suna taimakon waɗanda ake farauta. Ba a rabu ba, gaskiya ne. An dai kawo filin daga har tsakar gida.

Yanzu mu dawo kan mutanen nan uku. A cikinsu Adam Curle ne ya fi sanin abin da doguwar tafiya ke yi wa aure, domin a kai ya fara suna. An haife shi a 1916, ya yi soja a Yaƙin Duniya na Biyu har ya kai manjo, kuma a ƙarshen yaƙin aka sa shi cikin masu kula da cibiyoyin da ke shirya fursunonin yaƙin Ingila komawa gida. Matsalar da aka tarar ita ce, mutum ya yi shekara huɗu ko biyar a sansani yana mafarkin gidansa, ya dawo ya tarar matar ta koyi riƙe gida ba shi, yaran ba su san muryarsa ba, shi kuma ya zama baƙo a kan kujerarsa. Curle ya yi bincike a kan haka, ya buga a 1947. A daidai wannan tsakanin nasa auren na farko, wanda aka ɗaura a 1939 aka kuma haifi 'ya'ya mata biyu, ya mutu. Wanzami ba ya aske ƙeyarsa.

A 1958 ya auri Anne Edie, 'yar ƙasar Niyu Zilan da ya haɗu da ita a Daka tana aikin raya karkara. Suka koma Gana inda ya zama farfesan ilimi a Legon, a can su biyun suka shiga cikin Abokai. Lokacin da Najeriya ta fara tsagewa yana koyarwa a Jami'ar Harvard. Volkmar yana Lome yana shirya wa Abokai tarurrukan tattaunawa tsakanin manyan ma'aikatan ƙasashen Afirka ta Yamma, abin da ya sa ya san mutane a ɓangarorin biyu. Martin yana ofishinsu na Majalisar Ɗinkin Duniya a Niyok.

Ba sai na maimaita wa ɗan Arewa 1966 ba, amma ba zan tsallake ta ba. An kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Janairu. A watan Mayu, da kuma Satumba zuwa Oktoba, aka kashe dubban 'yan Gabas a garuruwan Arewa, kuma Sabon Garin Zariya na cikin wuraren. Sama da mutum miliyan ɗaya suka gudu gida. Wakilan Kweka sun zo a watannin farko na 1967 suka saurari ɓangarorin biyu, har da Hamzat Ahmadu, babban sakataren Gowon, da Okoi Arikpo. Ba su hana komai ba: Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu, aka fara harbi ranar 6 ga Yuli.

A watan Maris na 1968 suka ga Gowon a Legas, sannan da saninsa suka shiga Biyafara suka ga Ojukwu da Sir Louis Mbanefo. Aikinsu ɗaukar saƙo ne da kuma gyara hoton da kowane ɓangare ya zana wa ɗayan: su faɗa wa Legas cewa tsoron ƙare dangi da Ibo ke yi ba farfaganda ba ce kawai, su faɗa wa Biyafara cewa Gowon ba shi ne dodon da rediyonsu ke siffantawa ba. Shiga Biyafara, bayan faɗuwar Fatakwal, ta filin Uli ake yi, wanda titin mota ne aka faɗaɗa, jirage na sauka da dare, ana kunna fitilu na 'yan daƙiƙoƙi a kashe saboda bama-bamai. Duk wanda ya hau irin wannan jirgin ya bar wani a gida yana sauraron labaran rediyo. Ban da sulhu, Abokai sun tura ƙananan ayarin likitoci da masu rabon abinci a ɓangarorin biyu na fagen daga.

Da aka shirya zaman sulhu a Kamfala a watan Mayun 1968, ƙarƙashin Arnold Smith na ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, Enahoro na jagorantar tawagar tarayya, Mbanefo ta Biyafara, wakilan da Abokai suka tura su ne Adam Curle da Anne. Miji da mata. Ba 'yar rakiya aka rubuta ta ba, wakiliya ce. A duk tarihin da na bi, daga Swarthmoor zuwa nan, wannan ne wurin da na ga kamar wani ya karanta darasin ya yi aiki da shi: mutumin da ya auna yadda nisa ke cinye aure, ya kuma ɗanɗana, a karo na biyu bai bar matarsa a bakin ƙofa ba. Zaman kansa bai yi albarka ba. Wani sakataren tawagar tarayya, Johnson Banjo, ya ɓace aka tsinci gawarsa daga baya, taro ya watse a ƙarshen watan. Aka sake gwadawa a Yamai a watan Yuli a gidan Diori Hamani, aka koma Adis Ababa a watan Agusta. Duk a banza.

Ba 'yan Kweka suka kawo ƙarshen yaƙin ba. Bindiga da yunwa suka kawo shi, a watan Janairun 1970. Akwai masu cewa zantukansu da Gowon na daga cikin abin da ya sa ya ce babu wanda ya ci nasara, babu wanda aka ci, bai kuma kafa kotun ramuwa ba. Ni dai na fi ba Wusasa wannan ladar, da tarbiyyar gidan mai bishara da ya tashi a ciki. Shi kansa a tsakiyar yaƙin ya yi aure, a Legas a watan Afrilun 1969, da Victoria Zakari, ma'aikaciyar jinya 'yar Wusasa, aka yi ta sukar shagalin bikin alhali samari na mutuwa a daji. Sojan Najeriya ya tashi daga kusan 10,000 zuwa kusan 250,000 a cikin wata talatin. Kakata ta wajen uwa takan ba da labarin wata maƙwabciyarsu da mijinta ya shiga soja ya tafi, wasiƙa ta yanke, ta yi ta zarya gaban alƙali. Ranar da aka raba auren ta yi kuka fiye da ranar da ya tafi. Bayan ta yi wani auren da shekara guda sai ga shi ya dawo da ƙafa ɗaya.

Na kawo wannan ne domin kada a ɗauka matsalar ta Turawa ce. Mu jikokin fatake ne masu zuwa Gwanja saro goro, da alhazan ƙafa masu shekara bakwai a hanyar Sudan, da 'yan ci-rani, da almajirai masu tafiya gabas. Malamanmu kuma ba su bar abin ga zuciyar matafiyi ba, sun sa masa adadi. Ana ruwaito cewa Sayyidina Umar, da ya ji wata mata na koken kewar mijinta da ke wurin yaƙi, ya tambayi 'yarsa Hafsa iyakar haƙurin mace, ya kuma iyakance wa mayaƙa watannin da za su yi ba su dawo gida ba. A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace tana kai ƙara, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba, in kuwa babu ci da sha ba sai ta jira haka ba. Shehu Usmanu, a Nurul Albab, ya caccaki malaman da ke kwana koyar da ɗalibai a zaure suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya kuma danganta hakan da son a yaba musu. Wannan zargin na ƙarshe shi ya fi yi mini zafi, domin na san daɗin da ake ji idan baƙi ɗari suka yi maka godiya a layin rabo. Matarka ba za ta yi maka godiya don ka sayo omo ba. A nan na ga fikihunmu ya fi takardar izinin Abokai tsauri: su taronsu yana tambayar mai tafiya ko kiran da ya ji na gaskiya ne, namu ya ba wadda aka bari ƙofar alƙali. Ko tana iya taka ƙofar, da surukai da idon unguwa a kanta, wannan kuma wata magana ce.

An yi sunan ɗana ina Maiduguri, hanya ba ta da kyau a makon, ƙanena ne ya tsaya a madadina, na ji hayaniyar ta waya. Da na dawo Kwarbai, Hanifa ta leƙo daga bayan zanen uwarta ta ce, "Umma, baƙo ya zo." Na tarar an sauya wa gado wuri, an sami sabon mai kawo ruwa, kuma akwai wani littafin lissafi mai bangon shuɗi da maiɗakina ke rubuta kuɗin cefane da na asibiti a ciki, wata goma sha ɗaya, rana bayan rana, ba gurbi ɗaya da ta bari. Rumbun bayanan nata ya fi nawa tsafta.

Watan jiya ƙungiyar ta aiko da imel, suna son in koma in faɗaɗa manhajar zuwa wasu sansanoni, wata shida. Na buga takardar a shagon da ke bakin Fada, na kawo gida na ajiye a kan littafin shuɗin nan, na ce, "Maman Hanifa, ga shi. In kin sa hannu in tafi." Ta karanta har ƙarshe, ta ninke, ta sa a tsakiyar littafin. Yau kwana goma sha tara.